Yadda Ake Gane Matsayin Mace da Namiji a Tsoffin Fina-finan Waƙa na Amurka

Wanda ya taso da fina-finan Indiya ya san a cikin waƙa ake faɗin abin da baki ke jin nauyinsa. Haka fina-finan waƙa da rawa na Hollywood suke, daga shekarun 1930 zuwa na 1960. Idan kana son gane gurbin da suka ba mace da namiji, jiki za ka kalla fiye da zance.

Da farko, zaɓi rawa ɗaya ka kashe sauti. Gwada ta Fred Astaire da Ginger Rogers a fim ɗin Top Hat na 1935. Tun 1934 aka tsaurara dokar tace fina-finai a Amurka, don haka neman aure da jan aji duk suka koma cikin taku. Astaire ke ja, Rogers na bi. Amma tsaya a fuskarta: ta ƙi, ta yi shakka, sannan ta sakko, duk tana kan juyi. A ganina nauyin wasan a wuyanta yake, kuma ba a yaba mata yadda ya kamata ba.

Na biyu, lura da kyamara. Astaire ya nace a ɗauki mai rawa daga kai har ƙafa, ba yawan yanka, shi ya sa kake ganin gwanintar kowa. Mai tsara rawa Busby Berkeley kuwa, a 42nd Street na 1933, daga sama yake ɗaukar 'yan mata birjik, a jere kamar zanen tabarma, babu wadda za ka riƙe fuskarta.

Na uku, gwada mazan da juna. Astaire ɗan gayu ne mai kwat da doguwar hula. Gene Kelly da ƙarfin ɗan wasan motsa jiki yake rawa.

Na huɗu, dubi tufafin jaruma. A Calamity Jane na 1953, Doris Day ta fito da wando da bindiga, sai da ta sa rigar mata ta gyara ɗaki kafin labarin ya kai ta ga aure.

Sannan ka maido da sauti ka binciki mai muryar. Mawaƙiya Marni Nixon ce ta rera a madadin Natalie Wood a West Side Story na 1961, da Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, amma ba a rubuta sunanta a jerin ma'aikatan ko ɗaya daga cikinsu ba.