Ga masu shirin WAEC da NECO: ku koyi lissafin ilektron da ƙwallon dabino

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Ga wata dabara da na gwada da ƙanwata a nan Sakkwato, bayan ta sha kuka kan kemistiri.

Ku zana zobba uku a ƙasa, ɗaya cikin ɗaya, kamar za a yi dara. Ƙwallayen dabino su ne ilektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya tsakiyar atom. Zoben ciki biyu kawai yake ɗauka, na biyu takwas, na uku ma takwas a wannan dabarar. Abin da ya faɗo a zoben waje shi ne ke yanke halin sinadarin.

Niyon na da ilektron 10: biyu a ciki, takwas a waje, zobe ya cika. Agon na da 18, wato 2, 8, 8. Ƙoshi ya sa ba sa neman kowa, shi ya sa masu walda ke kare ƙarfe mai zafi da agon. Su ne 'yan rukuni na 18 a jadawalin sinadarai.

Yanzu ku jera sodiyam, 2, 8, 1, kusa da kulorin, 2, 8, 7. Ku ɗauke ƙwallo ɗayan nan da ke zaune shi kaɗai ku miƙa wa kulorin. Kowa ya cika. Gishirin miyarku ke nan!

Amma hattara da hiliyam, nan ƙanwata ta faɗi sau biyu. Ilektron biyu gare shi, sai ta kai shi gidan magniziyam, 2, 8, 2, mai biyu a zoben waje. A'a. Zobensa ɗaya ne tak, kuma biyun sun cika shi, don haka shi ma ɗan rukuni na 18 ne.

Dabarar tana aiki har zuwa kalsiyam, mai lamba 20, in an ƙara zobe na huɗu. Daga nan lissafin ya sauya.