Juwan kulas na injuna masu ƙarfi: kurakuran da aka fi yi a gareji da gyaransu

Hannun da ya saba da Peugeot 504 da tsohuwar Hiace yakan ɗauki juwan kulas, wato fallen da ake sawa tsakanin kulas (kan inji) da bulok (gangar jikin inji) don ya tare wuta da ruwa da mai, wanda a ƙetaren Jibiya ake ce wa gasket, abu ne mai haƙuri. A goge kulas, a shafa gam, a ɗaure noti har sai hannu ya ce ya isa. Tsohon juwan yana da taushi, na girafait ne ko zare da aka matse, shi ya sa yake cike ƙananan ramuka ya rufa wa bakanike asiri. Hilux da Prado masu turbo, da Land Cruiser V8, da Marsandi da BMW da ke shigowa Maradi, nasu daban ne. Matsin wuta a cikin silindar injin gazuwal mai turbo yana wuce bar 150, kuma duk bugu ɗaya kulas yana ɗan ɗagawa ya koma, ɗagawar da ido ba ya gani. Saboda haka aka ƙera musu juwan ƙarfe da ake kira MLS, wato falle biyu zuwa biyar na ƙarfen da ba ya tsatsa, da ƙunya da aka tayar kewaye da kowane rami tana aiki kamar sifirin, sai ɗan fentin roba siriri a sama.

Kuskure na farko, kuma wanda ya fi cin kuɗin masu motoci, shi ne ɗora wannan juwan a kan fuska mai kaushi. Fentin robar bai kai kaurin gashin kai ba, ba zai cike zanen da takardar yashi ko burushin ƙarfe suka bari ba. Ruwa zai bi zanen ya fita. Fuskar kulas da ta bulok sai sun yi santsi, kaushinsu kada ya wuce maikiron 1 da ɗan kaɗan, wato idan ka ja farce a kai bai kamata ya sarƙe ba. A kankare tsohon datti da abin kankara na roba. Faifan gurza da ake ɗaura wa na'urar huda abin gudu ne, domin yana rarake alminiyom, ƙurarsa kuma ta bi baƙin mai ta cinye metal, wato ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu. Daga nan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsawo, a faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa, ana zura siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. A kulas na alminiyom da yawa iyakar lanƙwasa milimita 0.05 ce. In ta wuce, sai an kai an fere, a kuma gaya wa mai injin ferewa cewa juwan ƙarfe za a sa, don ya fitar da fuskar da ta dace.

Gam ba ya hawa juwan MLS. A bushe ake sa shi. Silikon yana hana ƙunyar nan zama, zafi ya ƙone shi, ya bar hanya.

Sai maganar notuna. Na waɗannan injuna an yi su ne su miƙe kamar roba idan an ɗaure, shi ya sa littafin injin yake ba da awon ɗauri da farko, sannan ya ce a ƙara juyi na digiri 90, wani lokaci sau biyu. Notin da ya riga ya miƙe ba ya ba da matsi irin na farko. A canza su, ko a auna su in kamfanin ya ba da ma'auni. A hura ramukansu da iska tukuna, don ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami yana iya tsaga bulok idan noti ya danne shi. Ana farawa daga tsakiya a yi waje, mataki-mataki, da sifana mai awo. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, don haka kulas yana goga juwan a duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce, kuma matsin notunan ne kaɗai ke riƙe da komai.

A injin gazuwal akwai wani tarko. Juwan yana zuwa da kauri daban-daban, ana gane su da tsaga ko huji ko harafi a gefe. Ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistin yake leƙowa sama da bulok da agogon awo. Siriri fiye da kima, fistin ya kusanci bawul da kulas. Mai kauri fiye da kima, matsi ya ragu, mota ta riƙa wahalar tashi da safe lokacin hunturu. Zuwa kanti a ce "ba ni na Hilux" bai wadatar ba, Malam. A tafi da lambar inji da alamar tsohon juwan. Juwan tagulla mai zoben waya kuwa na motocin tsere ne, yana riƙe wuta amma yakan yi tsatsafar ruwa da mai, bai dace da motar da ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Damagaram ba.

Robar tare mai ta bakin karanshaf ita ma iri-iri ce. Ta naitiril tana ƙeƙashewa in zafi ya haura digiri 120, ta Viton tana jure kusan 200. Duk biyun suna da sifirin a ciki, ana shafa wa leɓensu mai kafin a sa. Ta PTFE, wato Teflon, ba ta da sifirin, kuma a bushe ake sa ta, shaf ɗin ma a bushe, da robar jagora da take zuwa da ita, sannan a bar ta kamar awa 4 kafin a tayar da inji don leɓen ya kama. Wanda ya shafa mata giris da kyakkyawar niyya shi ya jawo yoyo. In tsohuwar roba ta yi wa shaf zane, sabuwa ba za ta riƙe a wurin ba, sai an sa hannun riga na ƙarfe. In kuma an canza sau biyu tana ci gaba da zuba, a duba bututun numfashin inji. Idan ya toshe, iska ta taru a ciki ta tura mai ta kowace kafa.

Inda silikon ya halatta, kamar kaskon baƙin mai, zare ɗaya na milimita 2 zuwa 3 ya isa. Ragowar da ta matso ciki tana gutsurewa ta toshe rariyar famfon mai. A bakin turbo da salansa juwan ƙarfe kawai ake sawa, zafin wurin yana haura digiri 700.

Kafin a rufe inji a nemo abin da ya ƙona juwan farko. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yana wuce digiri 40, lagireto da ƙura ta toshe ko ruwan rijiya ya tara wa datti a ciki ba zai iya sanyaya injin ba. A wanke shi, a gwada murfinsa da fanka, a mayar da tamostat in an cire, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. A injin fetur mai turbo a saurari ƙarar ƙwanƙwasa idan an taka wuta, domin fetur mai rauni yana fashewa ba bisa ƙa'ida ba ya daki zoben juwan, galibi a siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu.