Yadda za ka lissafa ƙarin albashi kafin ka yi wa ma'aikata alkawari

Ni ke riƙe da littafin kuɗi a wani gidan burodi a Kakuri. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, masu ƙananan masana'antu ke tambayata nawa abin zai ci musu.

Fara da ƙidaya ma'aikatanka. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan ba ta shafi masu aikin rabin rana da waɗanda ake biya kamasho ba. Naira 72,000 da Gwamna Uba Sani ya amince da ita kuwa ta ma'aikatan gwamnatin jihar Kaduna ce. Amma ko da dokar ta tsallake ka, kada ka saki jiki, don mai kwaɓa fulawa ya san abin da maƙwabcinsa masinja yake ɗauka a sakatariya.

Sai ka fitar da tazarar da ke tsakanin abin da kake biya da 70,000. A ce kana da mutum 30 da kake biya 45,000 kowanne. Ƙarin 25,000 sau 30 ya kama 750,000 a wata. A nan yawancin mutane ke ajiye biro, alhali da sauran rina a kaba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, don haka ka ware har 75,000. Ga kashi 1 na NSITF, inshorar rauni a wurin aiki, ga kashi 1 na ITF, asusun horar da ma'aikata, kowanne 7,500. Yanzu kana kan 840,000 a wata, sama da miliyan 10 a shekara.

Wurin da ya fi wuya shi ne na waɗanda albashinsu ya riga ya haura 70,000. Mai kula da tanda da ya daɗe yana karɓar 75,000 ba zai yarda yaron da ya koya wa aiki ya biyo shi da tazarar 5,000 ba, kuma ina ganin yana da gaskiya. Wannan daidaitawar ce ta jawo jan-in-ja tsakanin gwamnati da ƙungiyar ƙwadago bayan an kai mafi ƙarancin albashi 30,000 a 2019. Ka rubuta sunan kowa, ka sa masa ƙarin da zai riƙe girmansa. A misalinmu a ce ya ci 300,000, jimla ta zama 1,140,000.

Raba jimlar da abin da kake sayarwa. Burodi 2,000 a rana, kwana 26, ya ba da 52,000 a wata. Ke nan kowane burodi zai ɗauki kusan naira 22. Lissafin ya nuna abin ba na tashin hankali ba ne, sai dai kasuwa ba ta san 22 ba. Saboda matsalar ƙananan kuɗin ba da canji, ƙari 50 ne ko 100, mai shayi a Tudun Wada kuma yana iya komawa wani gidan. Rage girman burodi ban ba ka shawara ba, mai shayi da wuƙarsa yake auna shi.

Kafin ka taɓa farashi, duba burodin da ake dawo da shi da dizal ɗin janareta, sau da yawa wani kaso na kuɗin yana nan. Ka kuma adana takardar lissafin, don dokar ta mayar da sake duba albashin duk shekara 3 maimakon 5, wato 2027.