Yadda ake tsara koyon aiki daga abokan aiki a ma'aikata

Sau da yawa ma'aikaci kan je bita ta kwana uku ya dawo da ilimi mai kyau, amma kafin wata ya zagayo sai ka ga ya koma yin aiki yadda na kusa da shi ke yi. Ba taurin kai ba ne. Da ido mutum ke ɗaukar aiki, kuma kullum idonsa na kan abokan aikinsa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na jami'ar Stanford ya bayyana a 1977 cewa koyo ta hanyar kallo yana buƙatar abu huɗu: mutum ya mai da hankali, ya riƙe abin da ya gani, ya gwada da hannunsa, sannan ya sami dalilin ci gaba da yi. Ko shugaba ya tsara ko bai tsara ba, ma'aikatansa suna kwaikwayon juna. Abin da ke hannunsa shi ne ya zaɓi abin da za su kwaikwaya.

Mataki na farko: zaɓen wanda za a kalla

Kada a ɗauki wanda ya fi daɗewa don kawai ya daɗe, ko wanda ya fi sauri. Wanda ya shekara ashirin a kan inji hannunsa ne ya san aikin, bakinsa ba ya iya faɗa, kuma galibi yana da 'yan dabarun yanke hanya: cire murfin kariyar inji, ko tsallake wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci. Sabon ma'aikaci zai kwashe su duka, don bai san wanne ne aiki wanne ne sakaci ba. A nemi wanda aikinsa ba ya dawowa gyara, mai haƙuri, wanda bai manta wahalar koyo ba. Mai shekara biyu ko uku a bakin aiki yakan fi dacewa. Kada a ba shi sama da mutum biyu a lokaci guda.

Mataki na biyu: rarraba aikin a takarda

A 1940 gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri da ake kira TWI domin horar da sababbin ma'aikata cikin gaggawa a masana'antun kayan yaƙi, daga baya kamfanin Toyota ya ɗauki salon. Ginshiƙinsa takarda ɗaya ce mai layi uku: mataki, abin kiyayewa, dalili. Misali a wurin awon hawan jini: matakin shi ne ɗaura abin awo a dantse, abin kiyayewa shi ne hannun ya kasance daidai da zuciya, dalilin kuwa idan hannun ya yi ƙasa awon zai nuna sama da gaskiya. Mai koyarwa ne zai cika takardar yana cikin yin aikin, ba daga ka ba. Idan matakan sun wuce bakwai ko takwas, a raba aikin zama biyu.

Layin dalili shi ake yawan bari babu komai, kuma shi ya fi muhimmanci. Wanda aka ce masa "haka ake yi" kawai zai daina ranar da aiki ya yi yawa.

Mataki na uku: nunawa da gwadawa

Mai koyo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai koyarwa, suna kallon wuri ɗaya. Idan suka fuskanci juna, zai ga komai a juye, dama ta zama hagu. A nuna aikin sau uku: na farko ana faɗin matakai, na biyu ana ƙara abubuwan kiyayewa, na uku ana ƙara dalilai. Daga nan mai koyo ya karɓa. Ya yi shiru sau ɗaya ana gyara masa nan take, sannan ya sake yana faɗin abin da yake yi da dalilinsa. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani a nan, domin kunya za ta sa ya ce eh. A ce masa: "Nuna mini."

Mataki na huɗu: a fara da inda kuskure ba ya tsada

Wannan darasi daga teloli ya fito. A shekarun 1970 masaniya Jean Lave ta zauna da telolin ƙabilun Vai da Gola a Manrobiya ta Laberiya, ta lura cewa yara suna koyon ɗinki daga ƙarshe zuwa farko. Da sa maɓalli da kalmasa suke farawa, wanda ke sa su juya gamammiyar riga a hannu har su san siffarta. Sai ɗinki. Yanka shi ne na ƙarshe, domin nan ne kuskure ke cinye yadi. Haka ya kamata a jera aikin ofis ko masana'anta. Sabon akawu ya fara da duba rasit da aka riga aka shigar kafin a ba shi damar shigar da biyan kuɗi.

Mataki na biyar: zaman mako

Minti talatin, mutum biyar zuwa takwas, matsala ɗaya tak da ta faru a makon: me ya faru, me aka gwada, me ya yi aiki. A nan girma da kunya kan kashe zaman. Idan oga ya fara magana, kowa zai bi bayansa, don haka ƙanana su fara, shi ya rufe. Kuma a haramta tuhuma a wurin. Ranar da aka ba wani takardar gargaɗi kan kuskuren da ya kawo da kansa, daga ranar ba wanda zai sake kawowa. Zauren WhatsApp yana taimakawa, amma saƙon murya yakan nutse, sai a naɗa mutum ɗaya ya riƙa mayar da abin da aka cimma cikin takardar mataki na biyu.

Mataki na shida: haƙƙin mai koyarwa

Akwai tsoron da ba a faɗa a fili: "idan na koya masa zai ƙwace gurbina." Magana ba ta cire shi. A rage wa mai koyarwa aikinsa na yau da kullum a makonnin koyarwa, a rubuta sunansa a kan takardar da ya tsara, a kuma sa koyarwar cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Sauran ma'aikata suna kallon wanda aka ɗaga da wanda aka bari.

Bayan mako biyu, sannan bayan kwana talatin, wani daban, ba mai koyarwa ba, ya tsaya da takardar ya kalli mai koyo yana aiki. Idan mutum biyu ko uku sun yi tuntuɓe a mataki ɗaya, a koma a gyara takardar da yadda ake nuna matakin.