Darasi na Bakwai: Abin da Ake Yi Idan Manhajar Kwamfuta Ta Ƙi Aiki

A darussan da suka gabata mun girka Python, wato yaren rubuta manhaja, a kwamfuta, mun kuma rubuta ƙaramar manhaja ta lissafin shinkafa da Tkinter, wato kayan gina taga da ke zuwa tare da Python a kan Windows. Manhajar tana da taga guda, da akwatin rubuta yawan buhuna, da akwatin rubuta kuɗin buhu, da maɓallin da ake dannawa don ganin jimilla. Darasin yau ya shafi ranar da manhajar za ta ƙi aiki, kuma ranar tana zuwa ga kowa. A ajinmu na yamma a Birnin Kebbi na sha ganin dattijo mai riƙe da lissafin shago a ka ya ture linzamin kwamfuta gefe saboda jan rubutu ya cika masa allo, yana zaton ya lalata na'urar. Bai lalata komai ba. Jan rubutun bayani ne na inda matsalar take, sai dai da Turanci aka yi shi, kuma daga ƙasa ake fara karanta shi.

Layin ƙarshe na saƙon shi ne yake faɗin sunan kuskuren da ɗan bayaninsa, layukan da ke samansa kuma suna nuna sunan fayil da lambar layin da aikin ya tsaya. Ba sai mutum ya iya Turanci sosai ba, domin sunayen da sabon ɗalibi zai riƙa gani ba su da yawa. SyntaxError na nufin an karya ƙa'idar rubutu, kamar a buɗe baka a manta rufewa, ko a manta da sa ruwa biyu a ƙarshen layin da yake buƙatarsu. NameError na nufin an kira sunan da Python bai sani ba, kuma sau da yawa harafi ɗaya ne ya sauya, domin a wurinsa Jimilla da babban baƙi daban take da jimilla da ƙaramin baƙi. TypeError da ValueError kuwa sun shafi irin abin da aka ba shi ya yi aiki da shi, za mu zo kan ValueError nan gaba. Ina ba kowane ɗalibi shawarar ya ware shafi a littafinsa, duk sunan kuskuren da ya gamu da shi ya rubuta shi da ma'anarsa da Hausa, da abin da ya gyara shi. Idan aka duba layin da saƙon ya ambata ba a ga aibu ba, a duba na samansa, domin a tsofaffin Python bakan da ba a rufe ba yakan sa a ɗora wa layi na gaba laifi.

Akwai abu guda da ke ruɗa masu manhajar taga musamman. Idan kuskure ya faru bayan an danna maɓalli, tagar ba ta nuna komai, tana nan tsaye kamar ba a taɓa ta ba, saƙon yana can baya a allon IDLE, wato manhajar rubuta Python da ke zuwa tare da shi, ko a baƙin allon umarni. Don haka idan maɓalli ya yi shiru, a matsar da tagar gefe a duba bayanta. Haka nan wanda ya buɗe fayil ɗinsa ta danna shi sau biyu zai iya ganin baƙin allo ya ƙyafta ya ɓace kafin ya karanta ko kalma ɗaya. Lokacin koyo, a riƙa buɗe manhaja daga cikin IDLE ko daga allon umarni, inda saƙon yake tsayawa.

Wasu matsalolin tun daga bakin ƙofa suke tare mutum. Idan aka rubuta python a allon umarni Windows ya ce bai san wannan suna ba, galibi an manta ne a sa alama a ɗan akwatin da ke maganar PATH a shafin farko na girkawa, kuma mafi sauƙi ga sabon ɗalibi shi ne ya sake girkawa ya sa alamar. Sannan a kula da tsofaffin darussan intanet. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991, Python 3 ya fito a 2008, an kuma daina kula da Python 2 a farkon 2020, amma darussan da aka rubuta dominsa suna nan birjik. A cikinsu ana rubuta Tkinter da babban baƙi a layin shigo da shi, alhali Python 3 ƙaramin baƙi yake karɓa. Kada kuma a sa wa fayil ɗin da ake aiki a kai suna tkinter.py, domin Python zai ɗauko shi a maimakon na ainihi, sai a rasa gane kan abin da ke faruwa. Batun gibin farkon layi ma a nan yake: layukan da ke ƙarƙashin def ko if ana tura su ciki da tazara huɗu, kuma duk su daidaita, in ba haka ba IndentationError zai fito.

Yanzu ga abin da ya bambanta manhajar taga da waɗanda muka fara rubutawa, masu farawa daga sama su sauka ƙasa su ƙare. Manhajar taga kamar mai tsaron shago take, wanda ya buɗe ƙofa ya zauna yana jiran wanda zai shigo. Layin da ke zaunar da ita shi ne na ƙarshe:

taga.mainloop()

Idan babu shi, kuma ba daga cikin IDLE aka buɗe ta ba, sai manhajar ta gina tagar ta kai ƙarshen fayil ta rufe, mutum bai ga komai ba. Duk abin da aka rubuta a ƙasansa kuma ba zai yi aiki ba sai an rufe tagar. Daga wannan fahimta ake gane kuskuren da ya fi kowane yawa a ajinmu, wato na maɓalli. Daidai shi ne a rubuta command=lissafa, wato sunan aikin da ke yin lissafin, ba tare da baka a bayan sunan ba. Wanda ya rubuta command=lissafa() ya sa an yi lissafin nan take, tun ana gina tagar, lokacin da akwatunan ba su da komai, daga baya kuma ko ya danna maɓallin sau goma ba abin da zai motsa. Sunan kawai ake ba maɓalli, kamar a nuna wa mai shago yaron da zai aika idan buƙata ta taso. Sa baka kuwa tamkar an tura yaron ne tun kafin mai saye ya zo.

Wannan mai tsaron shagon shi kaɗai ne, ba shi da mataimaki. Idan aka ba shi dogon aiki, ko aka sa shi barci da time.sleep, ba mai amsa linzami ko madannai, sai tagar ta sandare, Windows ya rubuta a samanta cewa ba ta amsawa. Idan ana son wani abu ya faru bayan ɗan lokaci, a yi amfani da after, wanda yake ƙirga daƙiƙa ɗaya a matsayin 1000, ya kuma bar tagar tana aikinta kafin lokacin ya cika.

Matsalar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce ta rubutu da lamba, domin ita takan ba da amsar ƙarya ba tare da jan rubutu ko ɗaya ba. Wata Hajiya mai sayar da shinkafa a cikin ɗalibanmu ta ƙara wa manhajarta akwati don ta haɗa buhunan da aka kawo mata daga Argungu da waɗanda suka zo daga Yawuri. Ta rubuta 20 a na farko, ta rubuta 15 a na biyu, ta danna maɓalli, sai allo ya nuna 2015. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta sake dubawa, sannan ta ce, "Malam, yaushe na mallaki buhu dubu biyu da goma sha biyar ban sani ba?" Aji ya yi dariya, amma kwamfutar ba ta yi kuskure ba. Duk abin da aka ɗauko daga akwatin rubutu da get rubutu ne a wurin Python, ko da lambobi aka buga, kuma idan aka haɗa rubutu biyu da alamar tarawa jera su yake yi, ɗaya a gefen ɗaya. Sai an mayar da shi lamba tukuna:

buhu = int(akwati.get())

Da Hajiya ta gyara wannan, 35 ta fito. Ba a jima ba ta rubuta kuɗin buhu yadda ta saba rubutawa a littafin bashi, da waƙafi a tsakiya, kamar 50,000, sai ValueError ya bayyana, domin int ba ya karɓar waƙafi. Haka zai yi idan aka bar akwatin babu komai, ko aka buga harafin O a wurin sifiri, ko aka rubuta 2.5 don buhu biyu da rabi. A nan ne ɗalibi yake fara tunani irin na mai gina manhaja, domin ba zai tsaya a kan kowane mai amfani da ita yana hana shi sa waƙafi ba. Manhajar ce za ta cire waƙafin da replace kafin ta mayar da rubutun lamba, sannan a sa lissafin cikin try da except, masu tare kuskure idan ya faru, ta yadda idan an rubuta abin da ba lamba ba ƙaramar taga za ta fito da Hausa ta ce a sake rubutawa. Don rabin buhu ana amfani da float a maimakon int, amma ban so a riƙa ajiye kuɗi da shi. Duk mai shakka ya rubuta 0.1 + 0.2 a IDLE, zai ga 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta take ajiye gutsuren lamba. Ga lissafin shago, a riƙe kuɗi a cikakkiyar naira, ko a mayar da komai kwabo.

Sai matsalar da ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa, wadda darussan Turanci ba su cika ambata ba. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, suna fitowa lafiya a kan taga, amma da zarar an zo ajiye sunan mai bashi irin Ɗanjuma a fayil, sai a ga UnicodeEncodeError. Dalili shi ne a kan Windows, idan ba a faɗa wa Python tsarin haruffan da zai bi ba, yakan ɗauki tsohon tsarin da aka yi wa harsunan Yammacin Turai, wanda babu waɗannan haruffa a cikinsa, babu kuma alamar naira. Maganin ɗan gajere ne, a ƙara shi duk inda aka buɗe fayil, wajen rubutawa da wajen karantawa:

open("bashi.txt", "w", encoding="utf-8")

Wanda ya sa shi wajen rubutawa ya manta wajen karantawa zai ga sunaye sun koma wasu baƙaƙen alamomi marasa ma'ana, ko kuma wani kuskuren ya fito. A kuma tuna cewa a wurin kwamfuta kudi da kuɗi kalmomi biyu ne, saboda haka idan yaron shago ya shigar da suna babu ƙugiya, maigida ya nema da ƙugiya, ba za a same shi ba. Gara a yanke shawara tun farko a kan yadda za a riƙa rubuta sunaye a shagon.

Biyu daga cikin ƙananan matsalolin tsara taga ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a gauraya pack da grid, hanyoyi biyu na jera akwatuna da maɓallai, a cikin gida ɗaya na taga, a zaɓi guda. Idan kuma aka sa hoto daga cikin wani def ya ƙi fitowa, Python ne ya share shi da aikin ya ƙare, don haka a ajiye hoton a sunan da zai daɗe muddin tagar tana buɗe.

Duk wanda ke zaune a nan ya san halin wutar lantarki. Abin da manhaja ta riƙe a ƙwaƙwalwarta yana tafiya da zarar an rufe ta ko kwamfuta ta mutu, saboda haka a sa ta ajiye kowane ciniki a lokacin da aka shigar da shi, kada a jira tashi daga kasuwa. Masu amfani da sqlite3, wato rumbun ajiye bayanai wanda shi ma yana zuwa tare da Python, su tuna da commit bayan kowace shigarwa, domin wanda ya manta da shi zai ga bayanan yau a allo, gobe ya tarar da rumbu wayam. Idan kuma aka kai manhajar wata kwamfuta ta ƙi buɗewa, galibi babu Python a can ne. Za mu koyi haɗa ta da PyInstaller, wanda ke sa ta buɗe ko da babu Python a kwamfutar, a darasi na gaba.

Wajen gyara kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a sauya abu ɗaya a gwada, sannan a taɓa na biyu, kuma kafin a fara a kwafe fayil ɗin da ke aiki a ajiye da kwanan wata a sunansa. Idan ba a gane abin da wani suna yake ɗauke da shi ba, a sa print a nuna shi a allo, a gani da ido. Mai neman taimako a wurin malami ko a zauren WhatsApp na aji kada ya ce "ta ƙi aiki" kawai. Ya turo saƙon kuskuren gaba ɗaya, da layukan da ya ambata, da abin da ya danna kafin ya fito.

Aikin gida na wannan mako shi ne kowa ya kwafi manhajarsa ta shinkafa ya ɓata kwafin da gangan sau huɗu. Ya cire mainloop ya gwada, ya mayar; ya sa baka bayan sunan aikin maɓalli; ya cire int daga akwati ɗaya; sannan ya ajiye suna mai ƙugiya ba tare da utf-8 ba. A kowane gwaji ya rubuta a littafinsa layin ƙarshe na saƙon da ya fito, harafi da harafi, idan kuma babu saƙo ya rubuta abin da tagar ta yi. A zo da littafin ranar Asabar bayan sallar La'asar.