Yadda Za Ka Gano Matsalar Bindigar Feshi In Kana Yi wa Mota Fenti a Gida

Kafin ka taɓa jikin mota, jingina kwali a bango, ka ja baya taƙi ɗaya, kamar santimita 15 zuwa 20, ka danna kunamar bindigar ka saki. Abin da ya fito a kwalin shi zai gaya maka inda ciwon yake. Lafiyayyen feshi dogo ne mai siffar ƙwai, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa.

In ya fito a lanƙwashe kamar jinjirin wata, juya hular iskar da ke bakin bindigar rabin zagaye ka sake fesawa. In lanƙwasar ta koma ɗaya ɓangaren, rami ɗaya ne a ƙahon hular ya toshe. Jiƙa ta a tina, ka share da tsinken sakace. Kada ka sa waya ko allura: ramin da ya buɗe ba ya komawa. In kuwa lanƙwasar ba ta motsa ba, nozul, wato ɗan bakin da fenti ke fitowa ta cikinsa, shi ne ya yi datti.

Bindiga mai tsartuwa, ta fesa ta ɗauke, iska take sha ta inda bai kamata ba. Ƙara ɗaure nozul, ka duba ɗan ramin numfashin da ke murfin kofin fenti, don busasshen fenti kan like shi. Wani lokaci ma fentin ne ya kusa ƙarewa.

Abin da ya fi damun mu a Sakkwato shi ne fenti ya kwanta da gurji-gurji kamar ɓawon lemu, ko ya yi kaushi kamar an watsa masa rairayi. Da yawa nan take suke zagin bindiga, alhali laifin rana ne. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, sai tinar ta bushe a iska tun fentin bai isa jikin ƙarfe ba. Nemi tina mai jinkirin bushewa, ka yi feshinka bayan asuba, a inuwa. Taɓa bonet da bayan hannu. In ya yi zafi, haƙura. Sannan ka duba ƙarfin iska: yawancin bindigogin HVLP, wato masu fesa iska mai yawa da ƙaramin matsi, kusan 'bar' 2 na ma'aunin matsin iska suke so a gindinsu, kuma sai an danne kunama ake karanta gejin. Nozul mai faɗin milimita 1.3 ko 1.4 na kala da kiliya ne, wato shafen ƙyalli na ƙarshe, firaima kuwa, wato shafen farko, 1.8 take so.

Ƙananan ramuka kamar idon kifi, mai ne ko ruwa. Buɗe bawul ɗin ƙasan tankin kwamfaresa ka tsiyaye ruwan, musamman da damina, ka sa matatar ruwa a tiyo. Tsumman da ya taɓa man goge dashbod kada ya kusanci motar.

In fenti ya yi dalala, ka matso da yawa ne ko hannunka ya yi nawa. Bar shi ya bushe sarai, ka goge da samfefa 1500 da ruwa.

Da hunturu kuwa, ƙura ba ta da magani sai yayyafa wa ƙasa ruwa da kewaye wurin da leda, ka bar kafar da iska za ta fita. Fentin da ake haɗawa da hadna, wato sinadarin da ke sa shi tauri, yana illa ga huhu, rawani ko ƙyallen hanci ba sa tare shi. Takunkumi mai matata ma ba ya tare shi sarai, sai ka nemi wanda ake tura wa iska mai tsabta ta tiyo, kuma ka kore yara daga tsakar gida har warin ya tafi.