Yadda na gyara yoyon ruwan sama a cikin motata

Tun farkon watan Agusta, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a nan Gombe sai in tarar da kafet ɗin kujerar mai zaman banza ya jiƙe sharkaf. Warin ruma kuwa har yara sun fara ƙin shiga.

Na zargi robar ƙofa, na sayi sabuwa, kuɗin ya tafi a banza.

Ranar Asabar na sa ƙanena ya zauna ciki da tocila, ni kuma ina zuba ruwa da tiyo, daga ƙasan ƙofa zuwa sama, waje ɗaya bayan ɗaya. Ina kaiwa gindin gilashin gaba ya ce, "Yaya, ga shi nan yana ɗiga ƙarƙashin dashbod!"

Na cire waifa da murfin robar da ke ƙasansu. Ashe magudanar wajen ta toshe da ganyen dogonyaron da nake ajiye motar a inuwarsa, da ƙurar hunturu da ta zama laka. Ruwan sai ya taru ya bi ramin iskar AC. Na zura waya na kwashe, na wanke.

Soson ƙarƙashin kafet ma sai da na ɗaga, ya sha rana kwana 2.